Kana son haɗa amfilifayar jita mai bawul? Fara da mai wat biyar

Wani matashi mai gyaran rediyo da talabijin, wanda kuma yake taɓa jita, ya turo wannan tambaya: "Baba, ina so in haɗa amfilifayar jita mai bawul da hannuna, mai wat 50 yadda za ta cika fili a wurin biki. Ina da tsohuwar sitabilaiza da zan ciri taransfomarta, ga kuma wata rediyo mai bawul ta kakana. Ta ina zan fara?"

Ɗana, na ji daɗin tambayar nan, don rabon da a yi mini zancen bawul, kwalaben gilashin nan masu ƙara ƙarfin sauti a tsofaffin rediyo, har na manta. Sai dai cikin abu uku da ka lissafa, biyu sai ka haƙura da su. Taransfomar sitabilaiza ka bar ta inda take. Wat 50 kuma ka ɗaga masa ƙafa sai aikinka na biyu ko na uku. Rediyon ce kaɗai zan ce ka riƙe da kyau, ita ma sai mun leƙa cikinta tukuna.

Bari in fara da sitabilaiza, tunda ita ce mai iya kai mutum kushewa. Taransfomarta naɗi ɗaya gare ta, daga jikin wannan naɗin ake tsago wutar da ke fita. Ma'ana babu katanga tsakanin wutar layi da abin da ka jona. Ita kuwa jita, tsirkiyoyinta na ƙarfe a haɗe suke da wayar ƙasa ta kebul, kebul ɗin a haɗe yake da ƙarfen amfilifaya. Duk mai kaɗa jita, ko ya sani ko bai sani ba, ƙarfen amfilifayarsa yake riƙe da shi da hannu biyu. Ranar da aka juya filogi, ko aka samu soket ɗin da mai wayarin ya musanya wayoyinsa, bolt 230 za su hau tsirkiya. A 1972 wani makaɗin jita, Les Harvey, ya mutu a kan dandamali a garin Swansea na Birtaniya bayan ya taɓa makirfo da wuta ta hau, a gaban masu kallo. Don haka sharaɗin farko: taransfoma mai naɗi biyu a rabe, da filogi mai ƙafa uku wanda wayarsa ta ƙasa take ɗaure da ƙarfen amfilifaya da ƙusa da noti nata na kanta, da fis a kan waya mai wuta. In gidanku babu wayar ƙasa ta gaskiya, wannan shi ne aikin da za ka fara yi kafin ka kunna ƙarfen dalma.

Zancen wat 50 kuma, akwai abin da kunne yake yi wanda lissafi bai nuna wa mutane. Ninka ƙarfi sau goma, daga wat 5 zuwa 50, ƙarin desibel 10 ne kawai a ma'aunin ƙara, kunne kuma yana jin sa kamar an ninka ƙara sau biyu. Wat biyar a kan lasifika mai kyau ya isa maƙwabta su aiko yaro. Daɗin da ake nema a bawul, wannan kaurin murya da 'yar tsatsa-tsatsar da ke fitowa idan ka danna tsirkiya da ƙarfi, yana zuwa ne lokacin da aka tura bawul ɗin ƙarshe har ya kai iyakarsa. Da ƙaramar amfilifaya za ka kai wurin a cikin ɗaki. Da mai wat 50 ba za ka kai ba sai kunnenka ya yi tsuwwa. In biki ne, ka ajiye makirfo a gaban ƙaramar ka tura ta cikin manyan lasifikokin masu sauti, haka ake yi ko'ina. Ga kuma kuɗi: babba tana son bawul biyu a ƙarshe masu aiki karɓa-karɓa, da wani sashe mai raba musu sauti, da wutar da ta haura bolt 400, da taransfomomi masu nauyin dutsen niƙa. Kuskure ɗaya a can, kuɗin wata uku ne ya tashi a hayaƙi.

Abin da nake ba kowane mai farawa shawara shi ne zanen Fender Champ, zubin da ake kira 5F1. Kamfanin Leo Fender da ke Fullerton a Kalifoniya ya fara fitar da Champ a 1948 a matsayin amfilifayar 'yan koyo, 5F1 kuwa zubin ƙarshen shekarun 1950 ne. Bawul uku ne da ita, maɓallin murɗawa ɗaya tak, na ƙara, da lasifika mai inci takwas. Zanen wayoyinta yana nan birjik a intanet, dubban mutane sun haɗa ta, saboda haka duk matsalar da za ka ci karo da ita wani ya riga ka cin karo da ita. Kada ka ƙirƙiro naka zanen a aikin farko. Kwafa za ka yi, waya bayan waya.

Ga yadda sauti yake tafiya a cikinta, don ka san abin da hannunka ke yi. A cikin kowane bawul akwai hita mai gasa wani ƙarfe da ake kira katod har ya riƙa sakin lantarki, akwai faranti mai babbar wuta da ke janyo shi, a tsakaninsu kuma akwai raga mai aikin mai gadin ƙofa: ɗan motsin wuta a kanta yana jawo babban motsi a faranti. Siginar jita, wadda ko bolt ɗaya ba ta cika kaiwa ba, tana shiga ta rasista mai om 68,000 zuwa ragar rabin farko na 12AX7, wanda Turawan Yurop ke kira ECC83. Bawul biyu ne a kwalba ɗaya. Kowane rabi yana da rasista 100k (k na nufin om dubu) a faranti da 1.5k a katod. Daga rabin farko sauti ya ratsa kafasita mai maikurofarad 0.022, wadda ke tare babbar wuta ta bar sauti kaɗai ya wuce, ya shiga maɓallin ƙara mai om miliyan ɗaya, ya shiga rabi na biyu, ya sake ratsa wata kafasitar irin ta farko, sannan ya isa ragar 6V6, wanda shi ne mai ɗaukar kaya. Katod ɗin 6V6 yana zaune a kan rasista mai om 470, ka sa mai wat 5 don tana ɗaukar zafi, da kafasita mai maikurofarad 25 a gefenta. Daga farantinsa sai taransfomar fita, sai lasifika. Shi ke nan. Rasistoci da kafasitocin duka ba su cika tafin hannu ba.

Bawul na uku, 5Y3, aikinsa mayar da wutar AC zuwa DC ne kawai, kuma a nan zan saɓa wa masu tsattsauran ra'ayi. Suna cewa sai da shi sauti yake laushi, saboda wutarsa tana ɗan zubewa idan aka matsa wa amfilifaya. Gaskiya ne a manyan amfilifayoyi masu karɓa-karɓa. A mai bawul ɗaya a ƙarshe kuwa, wutar da ake ja kusan daidai take ko kana kaɗawa ko kana shiru, don haka zubewar ba ta taka kara ta karya ba. Shi 5Y3 yana buƙatar naɗinsa daban mai bolt 5 da amfiya 2, da babban naɗi mai tsaga a tsakiya, ga shi ba ya son kafasitar farko mai tace wuta ta wuce wajen maikurofarad 20. Dayod huɗu na 1N4007, waɗanda ke cikin kowace tsohuwar caja da ka taɓa buɗewa, za su yi aikin. Ka ba su naɗi mai bolt 250, za su ba ka kusan 340 zuwa 350 na DC, don lissafin shi ne a ninka da 1.4. Ka rage bawul ɗaya da soket ɗaya da naɗi ɗaya, ka kuma samu damar sa kafasita mai maikurofarad 47 a farko, wadda za ta rage gurnanin da lasifika ke yi ko ba a kaɗa komai ba.

Yanzu mu zo inda aikin yake da gaske. Amfilifayar bawul taransfoma biyu ce da 'yan tarkace a tsakaninsu. Su ne suka fi tsada, su ne suka fi wuyar samu, su ne kuma ke yanke hukuncin yadda za ta yi sauti.

Ta wuta ba ta da wahala. Ka je wurin mai naɗin taransfoma ka ce: shiga 230, fita 250 mai ɗaukar miliamfiya 70 zuwa 80, da wani naɗin daban mai bolt 6.3 da amfiya 2 na hita. Hitar 6V6 tana cin amfiya 0.45, ta 12AX7 tana cin 0.3, ka ga akwai rara. In kuwa daga waje za ka sayo, ka buɗe ido: kayan da aka yi don Amurka na bolt 120 ne da zagaye 60 a daƙiƙa, namu 230 ne da zagaye 50. Taransfomar da aka yi wa 60 tana ɗaukar zafi fiye da kima a kan 50 ko da ka rage mata wutar zuwa 120. Ka nemi wadda aka rubuta 230 ko 240 da 50Hz a jikinta.

Ta fita ita ce mai sirri. Bawul 6V6 yana son ya ga kaya mai om wajen 5,000, lasifika kuwa om 8 ce ko 4. Taransfomar ce mai fassara tsakaninsu. Raba 5,000 da 8, ka samu 625, tushensa 25, don 25 sau 25 ne ke ba da 625. Wato kowane zagaye 25 na naɗin bawul, zagaye ɗaya a naɗin lasifika. In lasifikar om 4 ce, kusan 35 ne da ɗaya. Mai wayo zai lura nan take cewa ƙaramar taransfomar 230 zuwa 9 ta cikin tsohuwar kaset tana da kusan wannan rabon, ya ce ai an gama. Ba a gama ba. A irin wannan zane, miliamfiya 40 na DC suna ratsa naɗin a kowane lokaci, suna cika ƙarfen da maganaɗisu har ya ƙoshi, babu sauran wurin da sauti zai shiga. Maganin shi ne rata: a jera faya-fayan ƙarfe masu siffar E duka a gefe ɗaya, masu siffar I duka a ɗaya gefen, a sa siririyar takarda a tsakani. Taransfomar wuta kuwa saƙa su ake yi, ɗaya ta nan ɗaya ta can, don kada a bar rata ko kaɗan.

Na taɓa kai wa wani mai naɗi aikin nan, gwani ne, ya shekara yana naɗa fanka da injin ruwa. Na zana masa a takarda, na ce E gefe ɗaya, I gefe ɗaya, takarda a tsakani. Da na dawo sai ya miƙo mini ita yana murmushi, ya ce ya ga na yi kuskure a zanen ya gyara mini, ya saƙa faya-fayan tsaf yadda ko allura ba za ta shiga ba, har ya tsoma ta a banish. Na jona ta don in ji. Siraran tsirkiyoyi sun fito, masu kaurin kuwa sai wani "burr" kamar an toshe wa rago hanci. Kwana biyu na yi ina ɓamɓare faya-fayan da wuƙa. In za ka bayar a naɗa maka, ka zauna a wurin lokacin da za a jera ƙarfen.

A nan ne rediyon kakanka za ta iya zama taska. Juya ta ka karanta lambobin da ke jikin bawul ɗin. In ka ga EL84 da ECC83 ko EZ80, masu farawa da E, to hitarsu 6.3 ce, kuma galibi akwai taransfomar wuta ta gaske a ciki. Ƙaramar taransfomar da ke tsakanin EL84 da lasifika kuwa ita ce ainihin abin da muke nema, da ratarta da komai, an naɗa ta tun kafin a haife ka. Irin su Philips da Grundig sun yi su da yawa. In haka ne, ka gina ƙarshen amfilifayar a kan EL84 maimakon 6V6: wutar faranti wajen 250, rasistar katod om 130 zuwa 150, hita mai cin amfiya 0.76, ƙarfin fita wat biyar da ɗoriya. Amma in ka ga masu farawa da U, irin UL84 da UY85, ko 50C5 da 35W4 na Amurka, wannan rediyo ce marar taransfomar wuta, ƙarfenta a jone yake kai tsaye da layi. Ka ciri taransfomar fitar kawai da soket-soket, sauran ka bar su. Tsofaffin kafasitocinta kuma, na takarda da na gwangwani, duk bola, ko da sun yi kyau a ido.

Sabon bawul har yanzu ana yin sa, a Sulobakiya inda kamfanin JJ yake, da Saratob ta Rasha, da Sin. Ka yi hattara da 6N2P na Rasha da 'yan kasuwa ke sayarwa a matsayin 12AX7. Sun yi kama a aiki, amma wayarin hitarsu ya bambanta. A 12AX7, in da 6.3 za ka kunna shi, haɗa ƙafa ta 4 da ta 5 ake yi a waya ɗaya, ɗaya wayar ta tafi ƙafa ta 9. A 6N2P hitar tana tsakanin 4 da 5 ne kawai. Ƙafafun kuma daga ƙasan soket ake ƙirga su, bisa juyin agogo. Wannan kaɗai ya sa mutane da yawa sun kwance aikin yini guda.

Kai da ka saba da talabijin ka san kafasita tana riƙe wuta bayan an zare filogi, amma sabo da kayan bolt 12 yana sa hannu ya yi sakaci. Ni kaina ta taɓa kama ni. Na kashe, na zare filogi, na je na yi sallar la'asar na dawo, na sa yatsa zan ɗaga wata waya kusa da kafasitar farko, ɗaya hannun yana dafe da ƙarfen. Ban san lokacin da na tsinci kaina a jikin bango ba, gwiwar hannuna ta fashe a kan kantar kaya, bakina yana ɗanɗanon ƙarfe. Bawul ɗin ƙarshe a cire yake, babu abin da zai zuƙe wutar, tana nan zaune tana jirana. Tun ranar ba na haɗa amfilifaya sai na sa rasista 220k mai wat 2 a kan kafasitar farko, wadda ke tsiyaye wutar cikin minti ɗaya ko makamancin haka. Duk da ita, kafin ka sa hannu ka auna da mita, sai ka ga ta sauko ƙasa da bolt 10. Kada ka haɗa ƙafafun kafasita da sukuddireba don ka ji ƙarar tartsatsi, ka yi amfani da rasista mai wajen 10k a jikin waya mai maƙali. Idan kana awo tana kunne, maƙala baƙar wayar mita a jikin ƙarfe tun kafin ka kunna, ka yi aiki da hannu ɗaya, ɗayan a aljihu, ƙafa cikin takalmin roba, ba a kan siminti mai laima ba. Zobe da agogo a cire. Kuma kada ka yi aikin kai kaɗai a shago da dare.

Abin da zai fi ba ka ciwon kai bayan an gama shi ne gurnani, kuma tun wurin jera kaya ake maganinsa. Taransfomar wuta a ƙarshe ɗaya, ramin jona kebul ɗin jita da 12AX7 a ɗaya ƙarshen. Taransfomomin biyu kada ƙarafansu su kalli gefe ɗaya, juya ɗaya a gicciye. Wayoyin hita guda biyu ka murɗe su kamar igiya, ka kwantar da su a lungun ƙarfe nesa da wayoyin raga. Asalin Champ ta ɗaure gefe ɗaya na hitar a jikin ƙarfe don tsimin waya, a nan kam kada ka kwaikwaye ta: ka ja wayoyi biyu, ka sa rasista mai om 100 daga kowacce zuwa ƙasa. Wayoyin ƙasa na sashen farko ka tara su kusa da ramin jita, na kafasitar farko da taransfoma a can nasu gefen. Kunnenka ma zai gaya maka inda ciwon yake. Gurnani mai zurfi, na zagaye 50, daga hita ne ko daga kusancin taransfoma. Mai ɗan tsini, na zagaye 100, daga kafasitocin tace wuta ne ko wayar ƙasa da aka ɗaure a inda bai dace ba.

Ranar kunnawa ta farko kada ka jona ta kai tsaye. Ka sa ƙwan fitila mai zare, na wat 60, a jere da wayar wuta. Na zamani marasa zare ba sa wannan aikin, in ka samu na da ka sayi biyu ka ɓoye. Fara ba tare da bawul ko ɗaya ba: ƙwan zai yi walƙiya ya dushe, ka auna 6.3 da babbar wutar. In ya tsaya da haske sosai, akwai inda wayoyi suka haɗu, kashe. In lafiya, tsiyaye wutar, sa bawul ɗin, jona lasifika. Wannan kada ka manta da shi har abada: amfilifayar bawul ba a kunna ta babu lasifika, don wutar da ta rasa wurin zuwa tana komawa ta huda naɗin taransfomar fita. In ta kwarma ihu da zarar ta yi ɗumi, ba lalacewa ta yi ba. Akwai rasista 22k da ke dawo da ɗan sauti daga lasifika zuwa katod ɗin rabi na biyu don ya lafar da ita, in wayoyin suka juye sai ya zama zuga. Musanya wayoyi biyu na naɗin bawul a taransfomar fita, shiru za ka ji.

Bayan ka cire ƙwan, auna wutar da ke kan rasistar 470. Ya kamata ka ga bolt 18 zuwa 20. Raba 19 da 470, miliamfiya 40 ke nan. Ninka da wutar da ke tsakanin faranti da katod, a ce 320, ka samu wat 13 babu kaɗan, ciki har da ɗan abin da raga ta biyu da ke cikin 6V6 ke sha. Iyakar 6V6 tana tsakanin 12 da 14, ka ga a bakin gaɓa yake zaune tun asali. Farantan 12AX7 za su nuna tsakanin 150 da 200, katod ɗinsu bolt ɗaya da rabi ko kusa da haka. Kashe fitilar ɗaki ka kalli bawul ɗin: hita ce kaɗai ya kamata ta yi ja. In farantin kansa ya fara ja kamar garwashi, kashe nan take ka ƙara rasistar zuwa 560.

Wannan zama a bakin gaɓa shi ya sa wutarmu take da muhimmanci. Janareta ya tura 250 maimakon 230, hitarka ta koma 6.85, babbar wutar ta haura 380, bawul ɗin ya wuce iyakarsa. Shi ya sa nake sa 560 tun farko a duk wadda za a riƙa yawo da ita wuraren biki, kafasitocin tace wuta kuma kada su gaza masu bolt 450. Sitabilaizar taka ga inda za ta yi amfani: a waje, cikakkiyarta, tsakanin bango da amfilifaya. Bayan akwatin ka bar shi a buɗe don iska, lokacin hunturu kuma ka riƙa kaɗe ƙurar da ke taruwa a kan soket ɗin 6V6, don ƙura da ta sha laima tana zama hanyar wuta tsakanin ƙafa ta 2 da ta 3, inda hita da faranti suke maƙwabtaka.

Lasifika kuma kada ka ɗauko ta gidan rawa mai 'yar ƙaramar lasifikar siririn sauti a sama. Tsirkiya mafi kauri a jita tana kaɗawa sau 82 a daƙiƙa, lasifikar jita kuma da gangan take yanke duk abin da ya haura wajen 5,000, shi ya sa tsatsar bawul take fitowa da daɗi maimakon ta zama kamar ana yaga kwano. Ka nemi mai takarda marar nauyi, inci takwas ko goma, mai om ɗin da ya dace da taransfomarka. Ta cikin rediyon kakanka ma, in takardarta ba ta yage ba, gwada ta kafin ka kashe kuɗi. Ka fara duba lambobin bawul ɗin nan ka turo mini, daga su za mu san ko 6V6 za mu bi ko EL84.